Tambaya da Amsa: Tayar da Kwamfuta daga Filash

Tambaya: Salam Malam, ni ɗalibi ne daga Ɗorayi, ma'ajiyar cikin laftof ɗina HP ta mutu kuma ba kuɗin canzawa yanzu, dan Allah zan iya ɗora Ubuntu a filash in dinga aiki da shi?

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanina, sosai ma kuwa. Ka samu filash mai 8GB ko sama, ka sauke fayil ɗin ISO na Ubuntu (wato fayil ɗin da ke ɗauke da wannan babbar manhajar gudanar da kwamfuta, irin Windows) a wata kwamfutar, sai ka buɗe manhajar Rufus, mai ɗora irin wannan fayil a filash, ka rubuta shi a kai, amma ka fara kwashe kayanka don Rufus zai goge komai na filash ɗin tas. Ka soka shi a laftof ɗinka, kana kunnawa ka yi ta danna F9, idan Dell ce F12, sai ka zaɓi USB. In ta ƙi, shiga BIOS (saitin kwamfutar da ake shiga lokacin kunnawa) ka kashe zaɓin tsaro na Secure Boot.

Abin da nake so ka kula, a haka duk abin da ka ajiye yana ɓacewa da zarar ka kashe, kuma filash na saurin gajiya. Shawarata in ka ɗan samu kuɗi ka leƙa kasuwar Farm Centre da ke Kano ka sayi SSD na waje, wato ma'ajiya mai sauri da ake jonawa ta USB, ka girka Ubuntu cikakke a kansa, wallahi saurin ba a haɗa su.