Tambaya da Amsa: Ramin Yashin Filin Golf Ɗinmu Ya Koma Kududdufi

TAMBAYA: Salam Malam, ni ma'aikaci ne a wani filin golf, ni nake kula da ramukan yashi wato bonka. Duk damina idan aka yi ruwa mai ƙarfi sai su cika taf, in sun bushe kuma yashin ya taurare kamar daɓe, 'yan wasa sai ƙorafi suke, oga kuma yace kawai a ƙaro tifa biyu. Dan Allah hakan zai yi? Daga mai karatu a Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya taimaka. Gaskiya ƙaro yashi ba zai yi ba, asarar kuɗi ce, domin matsalar a ƙarƙashi take. Abin da ke faruwa shine ruwa yana gangarowa daga gefe ya wanke yashin bangon ramin ya kwaso jar ƙasa da laka ya cakuɗa su, ku kuma da safe ku sa shebur ku mayar da shi sama da lakar da komai, toh a haka a hankali lakar take toshe duk ƙofofin da ruwa zai bi ya tsotse, shi yasa yake kwanciya kuma shi yasa yake taurarewa.

Ka gwada da kanka, ka ɗebi yashin ka zuba a gora da ruwa ka girgiza ka ajiye, in ka ga laka mai kauri ta kwanta a kan yashin to wannan ya gama aiki, a kwashe shi gaba ɗaya. Sai a tona ƙasan a duba ko akwai magudana, in babu a haƙa lambatu a shimfiɗa fayif mai huji-huji a rufe da tsakuwa, ya fitar da ruwan can inda ya fi gangare. Bakin ramin ta sama kuma a ɗan ɗaga shi da ƙasa da ciyawa yadda ruwan fili zai kewaye ya wuce, wannan aikin ba tsada amma mutane suna raina shi, ni kuwa shi nake fara dubawa.

Wajen sayen sabo kar ka yarda mai tifa ya kawo maka yashin plasta mai laushi, iskar hunturu za ta kwashe shi kuma ƙwallo nutsewa take a ciki. Ka nemi wankakken yashin kogi mai ɗan kaushi a tankaɗe shi, hukumar golf ta Amurka wato USGA tana ba da shawarar yawancin ƙwayoyin su kasance tsakanin milimita 0.25 zuwa 1. Kauri kamar inci 4 a ƙasa, inci 2 a bango ya isa.

Sannan bayan kowane ruwa ku fara kankare lakar da ta kwanta a sama ku zubar waje kafin ku sa manjagara. In kuɗin kulob bai kai ba, ka shawarci oga ku fara da ramuka biyu ko uku da suka fi lalacewa, da rani, kafin ruwa ya sauka.