Amsar tambayarka kan aikin AC a Ingila

Wa'alaikumus salam ƙanena. Na ga saƙonka tun ranar Talata, aiki ne ya sha kaina, muna ta fama da sabis ɗin boila, wato na'urar ɗumama ruwa da ɗakuna, kafin sanyi ya kankama. Ka ce shekara shida kana gyaran AC da firij a Kano, yanzu ka samu gurbin karatu a nan, kana tambaya ko sana'ar za ta riƙe ka in ka zo. Za ta riƙe ka in sha Allah, amma fa aikin da ka sani da wanda ake yi a nan suna kawai suka haɗa.

A gida sai AC ta mutu ake nemanka, Alhaji ya bugo waya yana faɗa zafi ya hana shi barci, ka ɗaure silinda a bayan mashin ka je ka ɗura gas, ta yi sanyi a sallame ka, bayan wata uku a sake kiranka kan wannan AC ɗin dai. Ni ma da haka na tashi, ba gori nake maka ba. A nan kuwa kamfani ne ke karɓar kwangilar gini sukutum, ofis ko otal ko babban kanti, ana biyansa ne don kada na'ura ta tsaya tun farko. PPM suke ce masa. Kowace na'ura da lambarta da ranar da za a duba ta, wata duk wata, wata duk wata uku, wata sau biyu a shekara. Ka canza filta, ka duba fanbel ko ya saki, ka wanke koyil, ka share tiren da ruwa ke taruwa da bututun da yake fita, ka ɗaure wayoyin da suka yi sako-sako, ka auna wutar da kwamfireso ke ja, sannan ka ɗau hoto ka rubuta komai a tablet. Abin da ba ka rubuta ba, a wurinsu ba ka yi shi ba ko da ka wuni a kai.

Satina na biyu na sha kunya. Mun hau rufin wani bene na ga gas ɗin wata na'ura ya yi ƙasa, hannuna har ya kai kan silinda zan yi ciko irin na gida, ogana ya daka min tsawa kamar ya kama ɓarawo. Ashe laifi ne ka ƙara gas alhali ka san tana yoyo ba ka toshe ba. Sai da muka zuƙe sauran gas ɗin cikin wata silinda muka auna nauyinsa, muka cika layin da naitirojin har muka gano inda yake tsiyaya, aka yi walda, aka yi bakyum, sannan aka zuba sabo da sikeli, kowane kilo ya shiga littafin na'urar. Aikin da a Sabon Gari minti talatin ne ya cinye mana kwana biyu. Sakin gas a iska kuwa, wanda mu a gida ko a jikinmu, ka cire shi daga ranka tun daga filin jirgi.

Toh takardar da za ka fara nema ita ce F-Gas, wato shaidar izinin aiki da gas ɗin AC da firij, ta hukumar jarrabawar sana'a City & Guilds mai lamba 2079, ka yi rukuni na ɗaya shi ne ya haɗa komai. Kwas ɗin bai kai sati ba, da hannun da kake da shi ɓangaren aiki ba zai ba ka wuya ba, lissafin ne sai ka zauna ka karanta. Misali na'urar da gas ɗinta ya kai kwatankwacin tan 5 na hayaƙin kabon dole a duba yoyonta duk shekara, in ya kai tan 50 duk wata shida, in gas ɗin R410A ce kilo 2.4 kacal ya kai ka tan 5 ɗin. R22 da kuke ta amfani da ita kuwa tun 2015 aka hana zuba ta a nan.

Ɓangaren ɗumama shi ne baƙo a wurinka. Boila mai gas ba ka da ikon taɓa ta sai kana cikin Gas Safe, wato rajistar masu izinin aikin gas ɗin girki da ɗumama, kuma jarrabawar boilar gida daban ta manyan gine-gine daban, kar wani ya ruɗe ka da “zo ka taya ni”, hayaƙinta ba ya wari amma yana kisa. Inda ka yi sa'a shi ne na'urar da ke juya aiki ta ba da zafi da hunturu, ta ba da sanyi da bazara, suna ta yawaita yanzu, kuma in ka buɗe ta AC ɗinka ce dai da bawul mai juya hanyar gas.

Sai maganar ruwa, wadda ni ban taɓa jin ta ba sai da na zo. Akwai ƙwayar cuta Legionella da ke hayayyafa a ruwa mai ɗumi tsakanin digiri 20 da 45, ta bi feshin ruwa ta shiga huhu. A 2002 a garin Barrow-in-Furness ta kashe mutum 7 saboda an yi sakaci da na'urar sanyaya wani gini. Shi ya sa za ka gan mu da ma'aunin zafi muna bin famfo ɗaya bayan ɗaya, tankin ruwan zafi 60, bakin famfo 50, na sanyi ƙasa da 20. Akwai gundura wallahi, amma kar ka kuskura ka cike takarda daga cikin mota.

Bizar ɗalibi, in karatun digiri kake yi, awa 20 ta yarje maka ka yi aiki a sati lokacin karatu, kuma ba ta yarda ka yi aikin kanka ba, don haka zancen buga kati kana bin gidaje babu shi, sai dai ka nemi kamfani ya ɗauke ka mataimaki. Kafin ka taso ka karɓi wasiƙa daga ogan da ya koya maka mai nuna shekarunka, ka koyi karanta zanen wayarin sosai, ka taho da lasisin tuƙinka don yana aiki wata 12 kuma rabin aikin nan a mota ake yinsa. Safa mai kauri kam bari sai ka zo ka saya a nan, ta Kantin Kwari ba za ta iya da rufin bene a watan Janairu ba.