Ku Tambayi Ɗan Barga: Ina Za A Yada Zango Da Doki Da Mota Mai Ɗaki?

Salamu alaikum jama'a. Wannan makon saƙonni uku suka shigo kusan a kan magana ɗaya, shi ya sa na haɗe su. Na ɗan rage tsawon wasu, masu su a yi haƙuri.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ina Gwarinpa ne, ina da dawakai biyu, doki da goɗiya, kuma bara na gyara wata tsohuwar bas na sa mata gado da ɗan kicin da bayi. Hutun Disamban nan ina so in ɗebo yara mu zo Jos mu yi kamar kwana biyar, dawakan su biyo mu a kanta, safe da yamma mu rinƙa fita kilisa. Matsalar kawai ban san inda za mu sauka ba, duk otal ɗin da na kira da na ce doki sai su yi dariya. Dan Allah a ba ni shawara. Daga wani Alhaji, Gwarinpa, Abuja.

AMSA: Alhaji Allah ya ƙara buɗi. Dariyar nan kar ta dame ka, ni ma an yi min, kai tawa ma ta fi taka ciwo. Akwai shekarar da wani manajan masauki ya ce min a waya ba komai, fili na nan har ya yi yawa, muka iso bayan la'asar da doki a bayan mota, ashe get ɗin nasu akwai wani baka na siminti a samansa, motar ko kanta ba ta shiga ba. Muka sauke dokin a bakin titi, yana shiga ya kai baki kan fulawar da suka shuka, nan take maganar ta canza. Sai a gidan wani abokina a Bukuru muka kwana, dokin a garejinsa.

To abin da na koya daga ranar shi ne, zango dokin ake nema wa tukuna, mutum da mota daga baya. Kai da yara ga gado a bas, ko'ina aka faka kun kwana. Dabbar ce ke da sharuɗɗa. Fataken da ma haka suke yi, madugu ba ya tsayar da ayari sai inda ya ga ruwa da abin kiwo da kuma sarkin zangon da zai karɓe su.

Saboda haka ka daina kiran otal, ka fara da masu dawakai. Jos na da kulob ɗin folo, kuma a Abuja ma ga na Guards nan a Asokoro, 'yan barga duk sun san juna don tare suke yawon gasa. Ka samu ɗan bargarka ya yi musu magana, sau da yawa ta nan ake samun turke na 'yan kwanaki, ko su haɗa ka da wani mai gida da ke da katanga da fili ta wajen Rayfield ko Lamingo. In an samu inda dawakan za su kwana, sai a tambaya ko bas za ta iya tsayawa kusa. Kuma ko me aka gaya maka a waya ka tura mutum ya je ya ɗauko bidiyon wurin, daga kan titi har cikin fili, a ga faɗin get da tsayinsa da wayoyin wuta da ke reto a layin.

In ɗan aiken naka ya je, ruwa zai fara dubawa. Doki ɗaya yana shan lita 25 zuwa 40 a rana, in ya yi aiki ya yi gumi ya fi haka, ka ga dawakai biyu da wanke-wanke da wankan yara, jarka huɗu ba ta kai ku ko'ina. A tambaya rijiya ce ko bohol, kuma tana kaiwa rani ko ƙafewa take. Sannan ga wata tsiya ta doki, wani in ya ji ɗanɗanon ruwa ya canza sai ya ƙi sha, ya yi ta shinshina bokiti yana ɗaga kai, kwana ɗaya biyu ciwon ciki ya taso. Ka taho da duro ɗaya na ruwan gida ka rinƙa gaurayawa da na nan. Abinci ma haka, harawarsu da dusarsu da dawar da suka saba ka loda daga Abuja, kar ka ce sai ka zo ka saya. Dokin da ya kai kilo 400 yana cin busasshen abinci kamar kilo 8 a rana, sai ka yi lissafin kwana biyar ka ƙara na kwana ɗaya. Kanwa kar a manta.

Maganar ruwa ta tuna min, Alhaji don girman Allah ka nisanci kududdufan kuza. Duk yankin Bukuru da Rayfield da Barikin Ladi cike yake da su, ramukan da aka bari tun zamanin haƙar kuza na Turawa. Da safe za ka gan su lum-lum gwanin kyau, yara za su ce Baba mu je dokin ya sha ruwa. Bakinsu a tsaye yake kamar an yanka, ƙasar wurin na zaftarewa, zurfin kuma ba ka ganin ƙarshensa. Suna cin mutane suna cin shanu. Hoto daga nesa ya isa.

Sai ƙasar wurin turke. A nemi inda yake a shimfiɗe, ba tsakuwa mai kaifi, ba fadama. Jos dutse ne, dokin Abuja da ya saba da yashin barga in ka hau da shi tsaunin Shere ranar farko washegari za ka ga yana ɗingishi. A gyara kofato mako guda kafin tafiya, kwanan farko kuma a yi tafiyar ƙafa kawai ba sukuwa. Ga kuma shingen ƙerana da ƙauyukan nan suke kewaye gonakinsu da shi, kar a ɗaure doki kusa da shi, farin ruwan nan nasa in ya shiga ido bala'i ne, na dabba da na mutum duka.

Sanyi kuwa ka san Jos ta haura mita 1,200 sama da teku, Abuja ko rabin haka ba ta kai ba, tsaunin Shere ma ya wuce mita 1,800. Daren Disamba yakan sauko kusan digiri 10 ga iska mai shiga ƙashi. A samo wa dawakan bargo, in babu ko buhun algarara aka ɗinke ya yi, kuma a kafa turken ta inda katanga ko bas ɗin za ta tare musu iskar gabas. Amfanin lokacin dai shi ne ƙwari sun yi sauƙi. Cutar nan ta dawakai da ke kumbura kai ta cika huhu da ruwa, wasu ƙananan ƙwari ne ke kawo ta, masu cizo da magariba da asuba, kuma a laka suke hayayyafa, shi ya sa ƙarshen damina ya fi haɗari. Duk da haka likitan dabbobinka ya duba su kafin ku taso ya ba ka takarda. In wani abu ya taso a nan, Vom na kusa, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa tana can tun 1924, likitoci ba sa wuya a yankin.

Hanya: Keffi, Akwanga, Forest, sannan Hawan Kibo. Ku fito da asuba. Kowane awa uku zuwa huɗu a tsaya a inuwa a miƙa musu ruwa, ba sai an sauke su ba. Direban kanta ya san abin da ya ɗauko, a Hawan Kibo giya ƙarama, ba birkin gaggawa, don doki a tsaye yake yana ta gyara ƙafa a kowace kwana, tafiyar kanta aiki ce a wurinsa.

Na bar babbar magana a ƙarshe. Kar ka kafa zango a daji kai kaɗai don ka ga wuri ya yi kyau. Kowa ya san halin da wasu sassan Riyom da Barikin Ladi da Bokkos da Mangu suka shiga a shekarun nan, baƙuwar mota da dabbobi a gefen gona da dare ba abin da za ta jawo sai zargi. Kwana a cikin katanga, yawo da rana, kuma da ɗan gari a gaba. Duk ƙauyen da za ku ratsa a fara gaida mai unguwa, a gaya masa ku su wane ne da inda za ku bi. Su ma fa mutanen dawakai ne, Birom da Irigwe suna da ƙananan dawakansu na gado da suke hawa ba sirdi, in ka yi sallama yadda ya kamata wani tsohon sai ya zagaya dokinka yana duba haƙori. Amma goɗiyarka ta sa baki a gonar dankali ko kabeji na noman rani, hira ta ƙare.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ɗana yana aiki a Amurka, ya sayi doki can, wai in na je zai ɗauke mu a irin motar nan mai ɗaki da suke ce wa RV mu yi sati muna kwana a daji da dokin. Ni hankalina bai kwanta ba wlh. Ana yin haka kuwa? Daga wata Hajiya, Wuse 2.

AMSA: Hajiya ki kwantar da hankalinki, can abin a tsare yake, zangon ma iri-iri ne. Akwai na 'yan kasuwa irin su KOA da suka fara tun 1962 a jihar Montana, akwai na gandun dajin jihohi da na tarayya. Sai dai ki gaya wa yaron, yawancin zangon motoci ba sa karɓar doki, dole ya nemi wanda aka rubuta na masu dawakai ne. Irin waɗannan za a tarar da ɗan shinge na ƙarfe ko katako a gefen kowace mota, ko turaku biyu da ake ɗaura igiya a sama tsakaninsu a ɗaure dokin a jiki, ga wurin zuba kashi, ga hanyar kilisa ta fita daga cikin zangon kai tsaye. Na gwamnatin tarayya ana kama wuri a shafin intanet na Recreation.gov, da yawansu tun wata shida kafin ranar, kuma na lokacin zafi nan da nan suke cika.

Tunda da ke za a je, ya nemi mai wuta da ruwa da bututun bayi a jikin wurin fakin. Da yawa daga zangon dawakan cikin daji ba su da ko ɗaya, sai famfo guda da masai. Wutar kala biyu ce, amfiya 30 da amfiya 50, ya duba wacce motarsa ke ɗauka, ya kuma auna tsawon motar haɗe da tirelar dokin don kowane wuri da iyakar tsawonsa. Takardu biyu kar ya bari a gida: gwajin jinin da ake kira Coggins, wanda yawancin jihohi ke so bai wuce wata 12 ba, da shaidar lafiya daga likita in zai tsallaka wata jiha, ita galibi kwana 30 take yi. A dazuzzukan gwamnati na yammacin ƙasar kuma ba a shiga da kowace irin ciyawa sai mai shaidar ba irin muguwar ciyawa a ciki. In ya ce miki akwai filayen gwamnati da ake kwana kyauta har kwana 14, gaskiya ne, amma can ba ruwa ba wuta ba maƙwabci. Ki ce masa wannan ya je da abokansa.

TAMBAYA: Oga na ga wata RV tokumbo ta Amurka ana sayarwa, farashin ya yi min. In saya in rinƙa yawo da ita tsakanin Jos da Yankari, har da dokina? Daga ƙaninka a Anguwan Rogo.

AMSA: Ƙanina cire dokin daga lissafin Yankari tukuna. Gandun namun daji ne, ga zaki ga giwa, ga tsando mai sa sammore, doki kuwa ba ya jure sammore. Ka je kai da iyali ku yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki ku dawo ku same shi a turke.

Motar kuma kafin ka biya ka sani kayan cikinta na wutar Amurka ne, bolt 120, tamu kuwa 230 ce, ka jona ta kai tsaye firij da esi da caja duk sun tafi. Sai da taransifoma mai rage wuta, ko ka sa mata sola da inbata ka huta. Bakin tukunyar gas ɗinta ma ba irin namu ba ne, sai an canza. Manyan cikinsu tsayinsu na kusan mita 4, gindinsu a ƙasa, bayansu dogo, ka tuna layinku da kwatar da ke bakinsa ka gaya min ta ina za ta juya. Ga tankin bayi da ke cika cikin 'yan kwanaki, dole ka samu mai sokawe da zai yarda ka juye, ba a buɗe shi a bakin hanya. Ka tafi da makanike da mai gyaran wuta, ka hau rufin da kanka ka danna da ƙafa, ka buɗe kabad ɗin sama ka shinshina. In ka ji warin ruma ruwa na shiga, ka sauko ka yi wa mai ita sallama.