Ga Hajiyar da za ta Toronto a watan Janairu: soke jirgi da maganar kwarashi

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya sauki 'yarki lafiya, ke ma ya kawo ki lafiya. Na ga tambayarki: za ki taso daga Kano zuwa Abuja, ki bi ta Frankfurt da ke Jamus ki sauka Toronto a tsakiyar Janairu don zaman jego, an tsorata ki da labarin soke jirage saboda dusar ƙanƙara, kuma kina son sanin ko za a bar ki ki shiga jirgi da kayan saƙarki. Na daɗe a gefen Toronto, na sha kwana a filin jirgi lokacin sanyi, kuma ni ma saƙa ce abokiyar tafiyata.

Soke jirgi dai ba ya hannunki, ba ya hannun 'yarki. Abu biyu ne ke hannunki: garin da tsaikon zai same ki, da abin da ke cikin jakarki in ya same ki.

Kafin ma a kai ga dusar ƙanƙara, ki ji tsoron hazonmu na gida. Janairu tsakiyar hunturu ne, kuma kin san yadda ƙura ke rufe sararin Kano har jirgi ya kasa sauka, a ɗaga tashin safe zuwa yamma, ko a ce sai gobe. In tikitin Kano zuwa Abuja daban kika saye shi, to kamfanin da zai kai ki Jamus babu ruwansa da lattinki, a wurinsu ba ki zo ba ne kawai. Ki tafi Abuja da kwana guda a gaba, ki kwana wurin 'yan uwa. Kuɗin da wannan zai ci bai kai kashi ɗaya cikin goma na sabon tikiti ba.

Ita kuwa dusar, ba kullum ita ce ke tsayar da jirgi ba. Filin Pearson na Toronto ya saba da ita, suna da motocin share hanya, da wani fili na musamman inda jirgi ke tsayawa a fesa masa ruwan magani mai zafi, mai launin ruwan lemo, don narkar da ƙanƙarar da ke kan fikafikai, sannan a bi da wani kore mai kauri da ke hana ta sake kamawa. Wannan koren yana da iyakar lokacin da yake aiki. In layin tashi ya yi tsawo har lokacin ya wuce, sai jirgi ya koma a sake fesawa. Shi ya sa za ki ga an rufe ƙofa, kowa ya ɗaura bel, amma awa guda ba a motsa ba. Abin da ya fi muni shi ne ruwan sama mai daskarewa da zarar ya taɓa ƙasa. Shi ne ya sa aka soke ɗaruruwan jirage a Frankfurt ɗin da za ki bi a watan Janairun 2024, makonni kaɗan bayan dusa ta rufe filin Munich a farkon Disamban 2023. Sannan matuƙa da ma'aikatan jirgi suna da adadin awannin da doka ta yarda su yi aiki. In jira ya cinye awanninsu, ko da gari ya waye tas, jirgin ba zai tashi ba sai an samo wasu. Don haka kada ki yi mamaki ki ga rana ta fito amma an soke naki, wataƙila jirgin da zai ɗauke ki yana can maƙale a wani gari.

Ga wurin da nake so ki natsu, domin 'yan Kanada da ke ba da shawara ba su san da shi ba. Da fasfon Nijeriya da bizar Kanada mai aiki, za ki iya sauya jirgi a Frankfurt ba tare da bizar wucewa ba. Amma wannan bai ba ki damar fita cikin gari ba. In an soke jirgin Toronto, Bature da ɗan Kanada za su karɓi takardar otal su hau bas, ke kuwa kina nan ciki, sai dai in kina da bizar Schengen, wato ta shiga Jamus da wasu ƙasashen Turai. Wani lokaci akan samu ɗaki a otal ɗin da ke cikin sashen masu wucewa, wani lokaci gadon tafi-da-gidanka da bargo za a miƙo miki. Ki faɗa wa ma'aikatan kamfanin jirgin halin bizarki da wuri, tun a kantarsu, kada ki bari sai an ba ki takardar otal ɗin da ba za ki iya kaiwa ba.

Haƙƙinki ya danganta da inda abin ya faru. A Turai akwai dokar da ake kira 261 ta shekarar 2004: duk jirgin da ya tashi daga ƙasar Tarayyar Turai, ko na kamfanin Turai da zai shiga can, in an soke shi dole a ba ki zaɓi tsakanin wani jirgi ko mayar da kuɗi, kuma a ba ki abinci da wurin kwana, ko da yanayi ne sanadi. Diyyar nan ta Yuro 600 da kike ji ana faɗa, ita ce ba a biya in dusa ce ta jawo. A Kanada hannunsu bai kai haka sakewa ba. In yanayi ne, ba dole su ciyar da ke ko su ba ki ɗaki ba, amma dole su sa ki a wani jirginsu ko na abokan hulɗarsu cikin awa 48, in sun kasa ki zaɓi kuɗinki ko a nemo miki wani kamfani. Ni dai shawarata, a tsakiyar hanya kada ki karɓi kuɗi. Kina karɓa kun rabu ke nan, kuma tikitin da za ki saya a ranar zai iya ninka wanda kika saya.

Da zarar an sanar da sokewa, kujera ce ke tsada. Mutum ɗari uku ne ke neman guraben da suka rage a jirgin gobe. Ki shiga layi, amma kada ki dogara da shi kaɗai. Ki tura wa 'yarki ko mijinta lambar tikitinki tun kafin ki bar Kano, su sa manhajar kamfanin a wayarsu. Sau da yawa wanda ke zaune a falo a Toronto yakan kama kujera kafin layin ya matsa taku goma. Haka kuma kamfanoni kan ba da damar sauya rana kyauta kwana biyu ko uku kafin guguwar da aka hango. In sun ga wannan sanarwa, ki yarda a matsar da tafiyar. Jira a gidan ƙanwarki a Abuja da tuwo a gabanki ya fi jira a kan benci a Jamus.

Jakar hannu kuwa ki haɗa ta kamar babban akwatin ba zai iso ba. Magungunanki duka, na hawan jini ko na suga, da ƙarin na kwana uku. Caja da kan soket irin na Turai, don namu mai baki uku ba ya shiga bangonsu. Kayan canji, safa mai kauri, babban mayafi mai nauyi da zai zame miki bargo da sallaya, dabino, da gora marar ruwa da za ki cika bayan bincike. Kilishi da dambun nama ki bar su a gida, za a ƙwace.

To, saƙa. A Kanada da Amurka da Ingila an yarda a shiga jirgi da kwarashi da tsinkayen saƙa. Sai dai a ko'ina jami'in da ke gaban na'ura shi ke da maganar ƙarshe, kuma za ki wuce bincike a Abuja da Frankfurt kafin ki ga na Kanada. Saboda haka ki ɗauki na gora ko na roba, ki sa na ƙarfe masu tsada a babban akwati. In saƙar tsinke biyu kike yi, nemi irin wanda aka haɗa da igiyar roba a tsakiya. Ba ya zungurar na kusa da ke, kuma ɗaya ba zai faɗi ya gangara ƙarƙashin kujeru ba. Kafin ki shiga layin bincike ki zura wani zare mai launi daban ta cikin dukan idanun da ke kan tsinken ki ɗaure, ta yadda ko an karɓe tsinken aikinki ba zai warware ba. Mai kwarashi ido ɗaya ne gare ta, fil ɗin maƙalawa ya ishe ta. Almakashi kada bakinsa ya wuce santimita 6, ni ma na daina ɗaukarsa, abin yankan farce nake sawa.

Kada ki ɗauko bargon jariri, duk da na san shi ne a ranki. Yana girma a cinya, yana cin ƙullin zare da yawa, kuma a matsattsiyar kujera zai dame ki ya dami maƙwabcinki. Hula da 'yan takalman jariri su ne kayan hanya: ƙulli biyu, salon da hannunki ya haddace, ba wanda sai kin riƙa ƙirga ba. Zaren ya zama mai haske, domin in an rage fitilun jirgi baƙi da ruwan bula ba sa ganuwa. Ki ƙara ƙulli ɗaya a kan lissafinki saboda ranar tsaiko.

Amfaninta a wurina ya wuce cinye lokaci. Wanda ba shi da abin yi yakan tashi ya duba allo duk bayan minti biyar, ya cinye cajin wayarsa, ya ƙare da yi wa ma'aikaciyar kanta tsawa, ita kuwa ba ita ta saukar da dusa ba, kuma ita ce mai ikon nemo masa kujera. Mai saƙa takan isa gabanta da sanyin rai. Sai dai saƙa tana ɗauke hankali, kuma ana sauya ƙofar shiga ba tare da kin ji ba. Ki zauna inda kike ganin allo, duk layi biyar ki ɗaga kai. Ki riƙa miƙewa kina takawa kuma, zaman awa takwas a jirgi da wani a ƙasa ba ya yi wa ƙafa daɗi.

Ki gaya wa surukinki kada ya kama hanyar Pearson sai ya ga jirginki ya tashi daga Frankfurt, kuma ya shigo ciki da babbar rigar sanyi da takalmin dusa. Daga ƙofa zuwa mota kaɗai ya isa ya gigita wanda ya fito daga Kano da atamfa. In kin turo min ranar tafiyar ta akwatin saƙo, zan riƙa duba hasashen yanayi a makon in sanar da ke.