Na fara manyanta a waƙar gambara: in sauya salo ne, ko in karɓi kuɗi in ja jari?

Tambaya: Malam, barka da ƙoƙari. Ni mawaƙin gambara ne, shekarata 34, kuma na daɗe a harkar. Na taɓa yin waƙa ɗaya da ta zaga ko'ina, amma yanzu yara sun taso da nasu salon, kiran wasa ya ragu. Wani kamfani ya yi mini tayin kuɗi masu kauri in sa hannu a kan kundi uku, su kuma riƙe tsofaffin waƙoƙina. Wasu abokaina sun ce in koma salon yaran, wasu sun ce in karɓi kuɗin in ja jari kamar yadda su Jay-Z suka yi. Shin ana tsufa a gambara kuwa? Me ke sa wani ya daɗe, wani ya ɓace?

Amsa: Ƙanena, a duk abin da ka rubuto, wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda ka wuce da sauri: kamfanin zai riƙe tsofaffin waƙoƙinka. Can za mu fi daɗewa. Amma bari in fara cire maka fargabar shekaru, don ita ce mai sauƙi.

Gambarar zamani kanta ba ta tsufa ba. Ana ƙirga haihuwarta ne daga wani casu da DJ Kool Herc ya haɗa a unguwar Bronx ta birnin New York a watan Agustan 1973. An yi shekaru ana cewa waƙar yara ce saboda babu wanda ya taɓa ganin dattijo a cikinta, waɗanda suka ƙirƙire ta ma matasa ne a lokacin. Ga kuma waɗanda aka katse wa hanzari: an kashe Tupac a 1996 yana da shekara 25, aka kashe Biggie a 1997 yana da 24. Waɗanda suka yi tsawon rai sun riga sun amsa tambayarka. Nas ya fitar da kundinsa na farko a 1994, amma bai samu Grammy, babbar kyautar waƙa ta Amurka, ba sai 2021, yana da shekara 47. Killer Mike ya kwashi guda uku a dare ɗaya a 2024, yana da 48. Kai kam da sauranka.

Abin da ke kayar da mawaƙa a shekarunka shi ne rashin abin da zai riƙe su a lokacin da wayarsu ta yi shiru. Kowane mawaƙi yana shiga wannan shirun, har manyan. Wanda tsofaffin waƙoƙinsa ke kawo masa wani abu duk wata zai iya zama shekara biyu yana neman sabuwar murya cikin natsuwa. Wanda ya sayar da su kuwa dole ya bi duk kiɗan da ake yayi a makon, ko ya dace da shi ko bai dace ba, don yana neman na cefane. Shi ya sa ba na raba maganar sauya salo da maganar kuɗi.

Kowace waƙa tana da haƙƙi biyu. Akwai haƙƙin rubutun da karin waƙar, wato abin da ka tsara. Akwai kuma haƙƙin sautin da aka naɗa a situdiyo, wanda 'yan harkar ke kira masta. Kamfanin waƙa masta yake so, domin mai masta shi ake biya mafi tsoka idan aka saurari waƙa a manhaja, kuma sai da izininsa za a sa sautin a fim ko talla. Kuɗin da suke ɗaga maka a fuska kuwa kafin alƙalami ne, bashi ne da za a cire daga kasonka.

Ɗauki alƙalami mu yi lissafi, a matsayin misali kawai. A ce sun ba ka dala dubu 100 a hannu, suka kashe wata dubu 100 a situdiyo da bidiyo, suka rubuta duka a kanka. A ce kasonka 15 ne cikin 100. Ba daga duk abin da waƙa ta kawo ake cire bashin ba, daga naka kason kaɗai ake cirewa. Ke nan sai waƙoƙin sun kawo kusan dala miliyan ɗaya da dubu 333 kafin ka sake ganin sisi. A manhajojin sauraro irin su Spotify, inda sauraro dubu ke kawo 'yan daloli uku zuwa biyar, kana maganar sauraro wajen miliyan 300. Ranar da ka kai can, kamfani ya riga ya mayar da kuɗinsa ninki shida, kuma masta yana nan a hannunsa. Mawaƙa da yawa suna gama kundi uku ba su fita daga bashin na farko ba, domin akan rubuta cewa ribar wannan kundin za ta cike giɓin wancan.

Labarin De La Soul yana ba ni takaici duk lokacin da na tuna. Matasa uku ne da suka fitar da kundi a 1989 wanda har yau ake koyi da shi. Masta yana hannun kamfanin Tommy Boy, ga kuma gutsattsarin kiɗan wasu da suka yanka suka sa a ciki, waɗanda takardun izininsu ba su hango zamanin intanet ba. Duniya ta koma sauraron waƙa a waya, su kuma kundayensu na farko babu su a ko'ina. Yaro zai ji ana yabon su, ya duba manhaja, bai gan su ba, ya wuce. Sai da wani kamfani mai suna Reservoir ya sayi Tommy Boy a 2021 aka warware rikicin, waƙoƙin suka hau manhajoji ranar 3 ga Maris, 2023. Ɗaya daga cikinsu, Trugoy, ya rasu a watan Fabrairu, saura 'yan makonni. Basira ba ta gaza musu ba, takarda ce ta ɗaure su shekara da shekaru. Lil Wayne ma, da duk girmansa, sai da ya kai kamfanin da ke fitar da waƙoƙinsa, Cash Money, kotu a 2015, kuma kundin da ya gama bai fita ba sai 2018.

Yanzu dubi ɗaya ɓangaren. Master P ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin Priority a tsakiyar shekarun 1990, su rarraba kawai, shi ya riƙe masta da kaso mafi yawa. Jay-Z da abokanka ke misali da shi ya kafa kamfanin waƙa na Roc-A-Fella da abokansa biyu ne saboda manyan kamfanoni sun ƙi ɗaukarsa, suka fitar da kundinsa na farko a 1996. Da aka ba shi shugabancin kamfanin waƙa na Def Jam a ƙarshen 2004, cikin abin da ya nema har da a dawo masa da masta ɗinsa. Mutane suna tuna ya sayar da kamfanin tufafinsa na Rocawear dala miliyan 204 a 2007, suna tuna mujallar Forbes ta sa shi cikin masu biliyan a 2019, su manta cewa tun farko mutum ne da ba ya sakin abin da yake nasa.

Wannan ne ya kawo ni ga masu cewa ka karɓi kuɗi ka ja jari. Gaskiya ne dukiyar manyan ba daga faifai ta zo ba. Apple ya sayi Beats, kamfanin na'urar sauraro da Dr. Dre ya kafa tare da Jimmy Iovine, dala biliyan 3 a 2014. 50 Cent ya karɓi hannun jari a kamfanin wani ruwan sha maimakon kuɗin talla kawai, ya samu rabo mai yawa da Coca-Cola ya saye kamfanin a 2007. Amma ka lura, dukansu sunansu suka zuba a matsayin jari a lokacin da yake kan ganiyarsa, kuma Dre ya shiga harkar da ya fi kowa sani, wato sauti. Ba su sayar da waƙoƙinsu don su buɗe shago ba. Kuma shi 50 Cent ɗin ya je kotu a 2015 yana neman kariya daga masu binsa bashi, sai harkar shirya fina-finan talabijin ce ta sake ɗaga shi. A bayan kowane ɗaya da ya yi nasara akwai tarin waɗanda suka buɗe kamfanin riga ko takalmi ya mutu, ba a ba da labarinsu.

Kashe kuɗi ma yana cin mutane fiye da rashin samunsu. MC Hammer ya sayar da kofi miliyan 10 na kundi ɗaya da ya fitar a 1990. Ya ɗauki ma'aikata masu ɗimbin yawa, ya gina katafaren gida, ya tsara rayuwarsa kamar kowace shekara za ta yi daidai da waccan. A 1996 ya bayyana karyewar arziki, ana binsa bashin fiye da dala miliyan 13. Ga kuma haraji, wanda ba a cire wa mawaƙi kafin a biya shi kamar mai albashi. Lauryn Hill da Fat Joe duk sun yi zaman kurkuku a 2013 a kansa. Ka gina rayuwarka a kan abin da kake samu a shekarar da ta fi muni, ka ware na haraji ranar da kuɗi suka shigo.

To, sauya salo fa? In kiɗa ya sauya, rawa ma dole ta sauya, wannan ba gardama. Tambayar ita ce me za ka sauya, me za ka riƙe. Nas ya haɗu da Hit-Boy, mai haɗa kiɗa da Nas ɗin ya girme wa da kusan shekara 14, suka yi kundi shida tsakanin 2020 da 2023. Kiɗan sabo ne, alƙalamin kuwa na Nas ne, yana magana a matsayin mutumin da ya ga jiya ya ga yau. Jay-Z a 2017 ya yi kundi a kan laifinsa a aure da abin da mutum zai bar wa 'ya'yansa, maganar da ɗan shekara 22 ba shi da ita. Killer Mike ya yi shekaru ana ganin ya wuce, sai ya haɗa kai da El-P a 2013 suka kafa ƙungiyar waƙa ta Run the Jewels, suka saki kundin farko kyauta, suka samu sabbin masoya da ba su san tarihinsu ba. A ganina, mai shekara 34 da ya ari bakin yara yana asara sau biyu: yaran sun fi shi iya nasu, tsofaffin masoyansa kuma su ji kunya. Waɗanda suka yi rawa da waccan waƙar taka sun girma tare da kai. Suna da aure da haya da iyaye marasa lafiya, suna da kuɗin tikiti fiye da da, kuma kusan babu mai yi musu waƙa.

Wasu kuma ƙofa suka sauya gaba ɗaya, kuma ba faɗuwa ba ce. Queen Latifah ta koma fim har aka sa ta cikin 'yan takarar kyautar fim ta Oscar. Ice-T yana fitowa a shiri ɗaya na talabijin tun 2000. André 3000 ya yi shekara 17 bai fitar da kundi ba, ya dawo a 2023 da busar sarewa, babu baiti ko ɗaya. 

Kada kuma ka raina yawan masoyan da suka rage maka. A 2013 Nipsey Hussle ya buga kofi dubu ɗaya kacal na wani faifansa, ya sa wa kowane dala 100, alhali waƙoƙin suna nan kyauta a intanet. Ya buɗe ɗan shago na wucin gadi a Los Angeles, mutane suka yi layi, kafin kwana ɗaya sun ƙare. Jay-Z ya sayi guda 100. Dala dubu 100 ke nan ta shiga hannunsa kai tsaye, adadin da a wancan lissafin namu bashi ne.

Game da tayin da ke gabanka, ba zan ce ka ƙi ba, domin kamfani yana da hannun da zai kai waƙa inda kai ba za ka iya ba. Amma ka koma teburin da waɗannan. Tsofaffin waƙoƙin ka ba su haya na shekaru ƙayyadaddu, biyar ko bakwai, a rubuta ranar da za su dawo hannunka. Kundi uku ya yi yawa, ka nemi ɗaya, in ya yi kyau a sake zama. Ka duba ko sun sa hannu a kuɗin wasanninka da tallace-tallacenka da kayan da kake sayarwa, domin yarjejeniyoyin zamani sukan haɗa duka, kuma nan ne abincin mawaƙi yake. Haƙƙin rubutunka kada ya shiga ciki ko kaɗan, ka kuma yi rajistarsa da ƙungiyar da ke karɓo wa marubuta waƙa kuɗinsu. Ka nemi a rubuta cewa kana da ikon turo akanta ya duba littattafansu. Kafin duk wannan, ka koma wurin masu haɗa maka kiɗa na da, ku rubuta kason kowa a kowace waƙa ku sa hannu, ka kuma tantance duk wani gutsuren kiɗan wani da ke ciki, domin ba za ka ba da hayar abin da ba ka tabbatar naka ne ba. Lauyan da zai karanta maka takardar ya zama wanda ya san harkar waƙa, kuma kai ka nemo shi ka biya shi. Idan kamfanin ya ce zai haɗa ka da nasa don ya rage maka wahala, ka yi godiya ka ƙi.