Golf GTI a zafin Jidda: wane baƙin mai da man giya zan zuba mata?

Tambaya: Salamu alaikum Muhandis, barka da aiki. Dan Allah shawara nake nema. Na sayi Golf GTI ƙirar 2016 a haraj, wato kasuwar gwanjon motoci, nan Jidda, giyarta otomatik ce, ta ci kilomita dubu 118. Na kaita banshar, wato shagon masu faci da canjin mai, a canja mai sai mutumin yace tunda ƙasar zafi muke in zuba mata 20W-50 mai kauri, man giya kuma wai zai sa mun irin na Camry. Hankalina bai kwanta ba na taho. Wane mai ya dace da ita, sannan kayan gyara dole sai asli (na kamfanin motar) ko tijari (na wasu kamfanoni) ma ya isa?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sanya alheri ya tsare hanya. Wallahi ka kyauta wa kanka da ka ja motarka ka taho, don da ka bari an zuba mata man giyar nan da yanzu wata maganar muke ba wannan ba.

Mu fara da baƙin mai. Injin da ke cikin motarka 2.0 TSI ne mai tarbo, dangin da Volkswagen ke kira EA888, kuma abin da zaka fara dubawa a jikin galan ba kaurin mai bane, ba kuma sunan kamfani ba. Ka juya bayan galan ɗin ka nemi inda aka rubuta VW 502 00, lambar da ke nuna Volkswagen ta amince da man. In ka ganshi to ka ɗauka, yawanci zaka same shi 5W-40, wani lokacin 0W-40, ko Castrol ne ko Mobil 1 ko Motul ko Liqui Moly duk ni ban damu ba matuƙar lambar nan tana jiki kuma ba jabu bane. Akwai kuma 504 00 wanda yawanci 5W-30 ne, shima injin na karɓa, amma a irin yanayinmu ni 5W-40 mai 502 nake zuba wa masu kawo mun irin taka. Wanda zaka guje wa shine 508 00, wato 0W-20, wannan na injinan da suka fito daga baya ne, ba'a mayar dashi cikin na baya.

Shi mai banshar ba mugunta yayi nufi ba, ya saba ne da tsofaffin Hilux da Cressida waɗanda in ka basu mai kauri sai su yi shiru. Amma kaga zafin waje ba shine ke yanke zafin cikin injin ba. Ko Jidda tana 45 ko tana 25, man da ke ciki yana aiki ne wajen digiri 90 zuwa 110, kana iya gani da idonka a allon gabanka in ka danna. Shi kuma wannan injin da ƙarfin tura mai yake juya lokacin buɗe bawul, da shi yake ɗaure sarƙar taimin, sannan tarbo ɗin nan da ke juyi sama da dubu 100 a minti ɗaya ta wata 'yar siririyar hanya mai ke isa gare shi. To in ka zuba 20W-50, da safe in ka tada mota sai man ya yi nauyin jiki kafin ya hau sama, a 'yan daƙiƙun nan ƙarfe na cin ƙarfe, kullum kaɗan kaɗan, ba zaka ji komai ba sai ranar da sarƙa ta fara ƙara ko tarbo ya fara hayaƙi.

In zafi kake tsoro, maganinsa ka rage tazarar canji. Littafi yana cewa kilomita dubu 15 ko shekara, ni kam ban yarda da wannan ba ga motar da ke wuni a cunkoson titin Madina da AC a kunne ga ƙura ga zafi. Dubu 7 zuwa 8 ka sauke, ko wata 6, duk wanda ya riga zuwa. Tana shan wajen lita 5.7 da filta, don haka ka sayi 6, ragowar ka ajiye a but, ka dinga zaro sandar awo duk bayan sati biyu domin injinan nan suna ɗan taɓa mai. Wani abu kuma da 'yan banshar ke yawan ɓatawa, kaskon man da ke ƙasa na roba ne, marfin tsiyayarsa ma roba ne, ana sa sabo duk canji, ba'a ɗaure shi da ƙarfin tsiya kamar noti.

Sai giya, nan ne na fi so ka buɗe kunne. Abin da kake kira otomatik sunansa DSG, a 2016 mai giya 6 ce wadda ake kira DQ250. A cikinta kulochi biyu ne suna wanka a cikin mai, ɗaya na riƙe da 1, 3, 5 ɗayan na riƙe da 2, 4, 6, kuma man nan ɗaya shi ke sanyaya su shi ke bi ta cikin kwamfutar giyar da muke kira mekatronik. Man Camry ba don wannan aikin akayi shi ba. Man giyar motarka lambarsa G 052 182, ko na wani kamfani da ya rubuta wannan lambar ƙarara a jiki. An taɓa jawo mun wata fara da aka yi wa irin abin da aka so yi maka, mai ita yace in zai tashi daga danja sai ta dinga karkarwa kamar mai zazzaɓi, da muka tsiyaye man ya fito baƙi ƙirin yana warin ƙuna, na murza a yatsa naji gari gari, kulochin ne ya cinye. Yaron ya zauna akan tsohuwar taya ya riƙe kai, har yau ina jin tausayinsa don kuɗin da ya kashe ya ninka na man gaskiya sau da yawa.

Ana canja shi duk kilomita dubu 60 tare da filtarsa, kaga taka tana bakin canji na biyu kenan, tunda kuma daga haraj ka ɗauko baka san ko an yi na farkon ba, kar ka jira. Ka kai garejin da suka san motocin Jamus, saboda ta ƙasa ake ɗura shi kuma sai an jona kwamfuta an ga zafin man tsakanin 35 da 45 kafin a daidaita yawansa. Lita 6 zaka saya, biyar da ɗan wani abu ke shiga.

Maganar asli da tijari kuwa, tijari suna suka tara. Volkswagen ba ita ke ƙera filta da fulogi da kanta ba, kamfanoni ke yi mata, saboda haka filtar Mann ko Mahle, fulogin NGK ko Bosch, birkin ATE ko TRW ko Textar, kayan ƙafa na Lemförder da Sachs, duk waɗannan ka saya hankali kwance in a shagon da aka sani ne. Wanda nake ƙi shine mai araha marar suna a kwali mai sheƙi. Filtar man injinka a sama take kuma takarda ce tsirara, ka riƙe ta a hannu ka duba, ta kirki ninkinta a jere yake da tauri, ta banza da ka matsa sai ta lotsa.

Abubuwan da nake cewa a je wakala, wato dilan kamfanin, ko a nemi asli tsantsa sune famfon ruwa da gidan tamostat ɗinsa mai daidaita zafin injin, don na roba ne kuma an san motocin nan da yoyo ta nan, sai bawul ɗin PCV da ke saman injin mai fitar da tururin cikinsa, da na'urorin sensa. Ruwan lagireto G13 ne mai ruwan hoda, kar a gauraya shi da kore, kar kuma a ƙara ruwan famfo. Tashlihi, wato inda ake sayar da kayan motocin da aka farfasa, yana da rana in ƙofa ce ko madubi ko fitila, amma banda famfon ruwa ko koyil. Duk inda zaka sayi kaya ka basu lambar shasi da ke kan istimara, wato takardar rajistar motar, kar kace musu GTI 2016 kawai.

Fetur 95 ja zaka dinga sha mata. In kuma ka hau hanyar dutsen Hada zuwa Ɗa'if ka taka ta sosai, in ka isa ka barta tana aiki minti ɗaya ko biyu kafin ka kashe, tarbo ya huce. Ka fara da man giyar nan cikin satin nan, in an tsiyaye tsohon ka ɗauki hotonsa ka turo mun in ga kalarsa.