Gwaggo, Ba Na Iya Rubutu Sai Na Haɗiyi Ƙwaya

Assalamu alaikum Gwaggo,

Na daɗe ina jan ƙafa kafin in rubuto miki, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Shekarata 29, ina da mata da 'ya ɗaya. Da rana ina aikin ofis, da dare kuma ina rubuta ƙagaggun labarai. Tun ina makarantar sakandare nake rubutu, kuma ba ni da wani buri da ya wuce in ga littafina a hannun mutane.

Shekara biyu da suka wuce na yi hatsari na karye a ƙafa, aka rubuta mini tiramadol na 'yan kwanaki. A dare na uku ciwon ya lafa, barci kuma ya ƙi zuwa, sai na jawo labarin da na yi wata takwas na kasa wuce babi na huɗu. Kafin asuba na cika shafi goma sha ɗaya. Ban taɓa jin irin wannan sakewa ba, kalmomi suna zuwa kamar wani ne yake karanto mini. Ƙafa ta warke, ni ban daina ba. Da ƙwaya ɗaya mai miligiram 50 na fara. Yanzu mai 100 nake sha, guda biyar ko shida a dare, ina ɓoye katin a aljihun jakar kwamfutata, bayan caja. Wani abokina, shi ma marubuci, yakan ce mini manyan marubutan duniya duk 'yan giya ne, wai ka rubuta a buge ka gyara a warware. Shi ya koya mini zuƙar wiwi ranar da ƙwayar ta ƙi kama ni.

Makon jiya na farka a ƙasa, kujera a kife, harshena a cije, jini a gaban rigata, matata a kaina tana salati tana kuka. Ta ce jikina ya yi ta jijjiga kusan minti biyu. Na ce mata gajiya ce. Har yau ba ta san komai ba.

Na taɓa gwada dainawa. Kwana biyu na yi ina hamma, ina majina, ga zufa, ga gudawa, ƙafafuna sun ƙi zama wuri ɗaya. Na zauna gaban takarda, ko kalma ɗaya ba ta fito ba. Amma in faɗa miki gaskiya, idan na karanta da safe abin da na rubuta da dare, cikin shafi goma da ƙyar nake tsira da biyu. Akwai wata tsohuwa da na kashe a babi na tara, sai ga ta tana magana a babi na goma sha ɗaya, kuma ban tuna lokacin da na rubuta wurin ba.

Gwaggo, idan na bar ƙwayar nan, baiwar za ta tafi da ita? Babi shida ya rage mini. Zan iya lallaɓawa in gama littafin, sannan in daina? Don Allah ki faɗa mini komai, amma kada ki ce in bar rubutu.

Ɗanki mai neman mafita

*

Wa alaikumus salam ɗana,

Ba zan ce ka bar rubutu ba. Amma ajiye maganar littafi tukuna, mu fara da daren da ka farka a ƙasa, don shi ya hana ni barci bayan na karanta wasiƙarka. Abin da matarka ta gani ba gajiya ba ce. Duk alamun farfaɗiya ne, kuma tiramadol ya yi ƙaurin suna wajen jawo ta. Iyakar abin da likitoci suke yarda babban mutum ya sha a yini shi ne miligiram 400, a rarrabe, shi ma ga mai ciwo na gaske. Kai kana zuba 500 ko 600 cikin dare guda. Wanda ya faɗi sau ɗaya yana iya sake faɗuwa, kuma farfaɗiya ba ta zaɓen wuri. A kan kujera ta same ka wannan karon. Ka tuna kana tuƙi, kana hawa bene, kana saɓa 'yarka a kafaɗa. Don haka amsar tambayarka ta biyu a'a ce. Ba za ka jira babi shida ba, ko babi ɗaya ba za ka jira ba. Ka ga likita cikin makon nan, kuma ka dakata da tuƙi har sai ya duba ka.

Idan ka je, ka tafi da katin ƙwayar a hannunka, ka faɗi adadin na gaskiya, ka ambaci wiwin, ka ambaci faɗuwar. Idan kana shan wani magani, musamman na ciwon damuwa, ka faɗa, domin haɗuwarsa da tiramadol tana da haɗari. Kada kuma ka yanke shan a dare ɗaya kai kaɗai. Hamma da majina da gudawa da rawar ƙafar da ka yi, jiki ne da ya saba yake neman abin da aka saba masa, ba raunin zuciyarka ba ne. Wannan ƙwaya aiki biyu take yi. Hanta tana juya ta zuwa wani sinadari dangin kodin, mai kashe ciwo da kawo nishaɗi, sannan tana ƙara yawan wasu sinadaran ƙwaƙwalwa masu ɗaga zuciya. Shi ya sa ta hana ka barci ta ba ka kuzari a daren farko, shi ya sa kuma barinta yake dukan jiki da zuciya a tare. Likita zai riƙa rage maka ita kaɗan-kaɗan, ya ba ka abin da zai sassauta wahalar. Sannu ba ta hana zuwa. Abu ɗaya kuma ka riƙe da kyau: bayan ka daina, jikinka zai manta da sabon da ya yi, kuma adadin da kake sha yau yana iya tsayar maka da numfashi idan ka koma masa. Haɗa ta da giya ko maganin barci ma haka.

To, yanzu mu zo kan baiwa.

Ba zan yi maka ƙarya in ce babu abin da ka samu a daren nan na farko ba. Ko Alƙur'ani da ya zo maganar giya da caca a Suratul Baƙara, aya ta 219, bai ce babu amfani ba. Ya ce akwai zunubi babba da wasu amfanoni ga mutane, sai dai zunubin ya fi amfanin girma. Shafi goma sha ɗaya kam ka rubuta su. Tambayar ita ce, daga ina suka fito? Ƙwaya ba ta san sunan tsohuwar labarinka ba, ba ta san abin da ya raba ta da 'ya'yanta ba. Wata takwas ka yi kana juya labarin nan a ranka, ya nuna, ya cika, yana jiran ƙofa. Abin da ya tare ƙofar shi ne muryar nan da kowane marubuci ya sani, wadda kafin ka kai ƙarshen jimla ta ce ba ta yi ba, wane ya fi ka, za a yi maka dariya. Ita ƙwayar ta sa wa barci. Matsalar kuwa, wannan murya ba mai tsoratarwa kaɗai ba ce. Ita ce kuma mai tuna maka cewa ka riga ka binne tsohuwa a babi na tara. Ka kwantar da mai gadi don ka samu shiga, sai ɓarayi suka biyo ka a baya.

Masu bincike sun gwada wannan zance. A shekarar 2012, a Jami'ar Illinois da ke Shikago a Amurka, an ba wasu samari giya daidai gwargwado, sannan aka ba su wasan kalmomi, a ba ka uku ka nemo ta huɗu da ta haɗa su. Waɗanda suka sha sun fi saurin cankowa. Irin wannan sakamako ne abokinka zai so ya ji. Amma canko kalma ɗaya cikin daƙiƙu kaɗan daban, riƙe mutum ashirin da zaren labarinsu a ka har shafi ɗari uku daban, kuma a gwajin nan ɗin an ga ƙarfin riƙe abu a ka ya ragu ga waɗanda suka sha. Na wiwi ya fi kama da halin da kake ciki. A wani bincike da aka wallafa a 2022, an sa masu zuƙa su kawo sababbin dabaru, aka miƙa dabarun ga alƙalan da ba su san wanda ya zuƙa da wanda bai zuƙa ba. Alƙalai ba su ga wani fifiko ba. Masu zuƙar ne da kansu suka riƙa ganin dabarunsu sun yi kyau, saboda nishaɗin da suke ciki. Kai ma ka yi wannan gwaji a ɗakinka, kuma ka ba ni sakamakon da bakinka: shafi biyu cikin goma. Wanda yake karantawa da safe, da ido garau, yana zubar da takwas, shi ne marubucin. Kuma bai sha komai ba.

Maganar da abokinka yake yawo da ita, ta a rubuta a buge a gyara a warware, marubucin Amurka Ernest Hemingway ake jingina wa, kuma ba a samu inda ya faɗe ta ba. Mashayi ne, babu musu, amma da sassafe yake rubutunsa, gari na wayewa. Sauran marubutan Amurka mashaya kuma ka ce ya ƙarasa maka labarinsu. Scott Fitzgerald ya mutu a 1940 yana da shekara 44. Jack Kerouac ya mutu a 1969 yana da 47, bayan giya ta lalata masa hanta. Ni wanda nake so ka sani shi ne marubucin Amurka Stephen King, domin tsoronku ɗaya. A littafin da ya rubuta kan sana'arsa a shekarar 2000, ya ce akwai wani littafinsa, Cujo, da da ƙyar yake tuna rubuta shi, kuma cikin takaici ya faɗa. Matarsa ce ta tara dangi da abokai, ta zazzage shara daga ɗakin rubutunsa a gabansu, gwangwanayen giya da hodar iblis da ƙwayoyi da kwalaben maganin tari. Ya ji tsoron idan ya daina ba zai ƙara iya rubutu ba. Ya daina duk da haka, kuma littattafan da ya fitar bayan nan sun haura talatin. Wani marubucin, Raymond Carver, ya ajiye kwalba a watan Yunin 1977, kuma gajerun labaran da aka fi yaba masa bayan nan ya rubuta su.

Ba zan ɓoye maka ba, akwai fari a gabanka. Makonnin farko, watakila har watanni, za ka ji duniya ba gishiri, barci ya rikice, takarda ta zama bango. A nan ne zuciya za ta raya maka cewa ga shi nan, baiwar ta tafi. Ba ta tafi ba, ƙwaƙwalwa ce take koyon yin nishaɗinta da kanta. Kwana biyun da ka gwada ba su isa shaida ba, wa ya taɓa rubuta littafi yana gudawa?

Shekara biyu ka yi kana haɗa abu uku, dare da teburin nan da ƙwaya, har suka zama tsintsiya ɗaya. Kwance ta za ka yi. Ka bar rubutun dare gaba ɗaya a yanzu, ka koma safiya kafin ka fita aiki, a wani lungu daban, da biro da takarda in ka samu hali, tunda ita jakar kwamfutar ma ta zama ma'ajiya. Ka sa agogo minti ashirin, ka yi wa kanka sharaɗi cewa ba gogewa, ba waiwaye, ko shirme ne ya fito a bar shi. Gyara sai washegari. Abin da ƙwayar take yi maka ke nan da tsada, raba lokacin zubawa da lokacin tacewa, kuma kana iya yinsa da agogo. Muryar nan za ta yi magana, ka ce mata ta dawo gobe, aikinta yana nan yana jiranta. Idan kuma ka lura tsoron ya wuce na takarda, yana bin ka ofis yana bin ka gado, ka faɗa wa likitan, domin sau da yawa akwai damuwa a ƙarƙashin shaye-shaye, kuma tana da magani.

Abokin nan ka ja baya da shi zuwa wani lokaci. Ban ce mugu ba ne, shi ma abin tausayi ne, amma mai koyon tsayuwa ba ya jingina da mai tangaɗi.

Saura matarka. Ɗana, matar da ta tsaya a kanka tana salati, tana ganin jini a bakinka, ta cancanci gaskiya. Yanzu haka tana kwana da fargabar wata cuta da ba ta san sunanta ba, wataƙila tana tashi tsakar dare ta saurari numfashinka. Za ta ji zafi, tana iya yin fushi, ka bar ta ta yi. Kana bukatarta ko don lafiyarka: ta san cewa idan abin ya sake faruwa, ta kawar da abin da zai ji maka ciwo, ta sa maka abu mai laushi a ƙarƙashin kai, kada ta danne ka, kada ta cusa maka cokali ko yatsa a baki, idan jijjigar ta lafa ta juya ka a gefe, a kai ka asibiti. Idan ta kai minti biyar ba ta tsaya ba, ko numfashinka ya yi ƙasa, babu jira ko kaɗan. Ka faɗa mata yau, kafin ka kwanta, ka miƙa mata katin da ke cikin jakar, ku tafi wurin likitan tare.

Bayan kun dawo ka sake rubuto mini, ina so in ji abin da ya ce. Shafin farko kuma da ka rubuta da safe, ko rabi ne, ko duk kurakurai ne, ka haɗo mini da shi. Allah ya ba ka lafiya, ya raya maka 'yarka.

Gwaggonka